Agogon roba mai araha: abin dubawa kafin a saya, da yadda ake riƙonsa

Ana saura kwana huɗu ƙaramar sallah na tsaya wurin wani mai tallar agoguna a bakin babbar kasuwar Katsina. Ya jera su a faranti kamar alawar yara: ja, shuɗi, ruwan ɗorawa, ruwan hoda, kore shar. Na zaɓi uku, biyu na samarin gidana, ɗaya na ɗiyata, kuma ban duba komai ba in ban da launi. Ba a gama yawon sallah ba na farko ya tsaya cak. Na biyu maɗaurinsa ya tsinke daga gindi tun kafin babbar sallah. Na ukun kuwa, wanda na fi rainawa, har yanzu yana hannun yarinyar, sau ɗaya tak aka taɓa sauya masa batir. Alhali duk a faranti ɗaya na ɗebo su, kuma kuɗinsu ɗaya.

Na kwashi biyun da suka lalace na kai wa wani dattijo mai gyaran agogo, irin masu zama bayan ɗan akwatin gilashi da madubin ido ɗaya a maƙale. Ya ɓalle bayan na farko da bakin wuƙa, ya leƙa ciki.

"Baba, ya mutu ko?"

"Ɗana, ba abin da ya mutu a nan. Batir ne ya tsufa tun yana hannun mai sayarwa. Injin waɗannan ba ya saurin mutuwa, jikinsu ne ke lalacewa ya bar injin da ransa."

Tun ranar na daina sayen agogon roba da ido kawai. Wanda zai saye shi, jikin zai bincika: maɗauri, murfin baya, batir da gilashi. Launi shi ne na ƙarshe, duk da cewa shi ke fara kiran mutum.

Abin da ke cikin cikinsa

Duk agogon da ka ga an rubuta QUARTZ a fuskarsa, mu ce masa kwaz, yana ɗauke da wani ɗan mitsitsin dutse, dangin farin dutsen nan mai ƙyalli da ake kira ƙanƙara. Na agogo dai a masana'anta ake haɗa shi, a yanka shi siriri da baki biyu kamar gwafa. Da wutar batir ta shige shi sai ya kama karkarwa, sau 32,768 a kowane sakan. Ba haka kawai aka zaɓi adadin ba. In ka raba shi biyu, ka sake raba abin da ya fito biyu, ka yi ta yi har sau 15, ɗaya za ka samu. Aikin da ɗan kwanyar da ke cikin agogon ke yi kenan: ta yi ta rabawa har ta fitar da bugu ɗaya a sakan, shi kuma bugun ya tura hannun agogo gaba, ko ya sauya lambar da ke fuska.

Kamfanin Seiko na Japan ne ya fara fito da irinsa kasuwa, ranar 25 ga Disamba 1969, da sunan Astron. A lokacin yen 450,000 ake sayar da shi, kuɗin da zai sayi ƙaramar mota. Cikin 'yan shekaru fasahar ta yi araha har ta durƙusar da masana'antun agogo na Suwizalan masu yin na nannaɗawa. Abin da ya taimaka wajen tashinsu shi ne agogon roba mai launi-launi da suka fitar a 1983, Swatch, wanda aka rage kayan cikinsa zuwa guda 51 aka kuma like jikinsa gaba ɗaya. Daga baya Casio ta fitar da F-91W a 1989, ɗan baƙin nan mai lamba da kusan kowa ya taɓa gani a hannun wani. Agogunan da ke farantin mai talla jikokin waɗannan biyun ne, mafi yawansu daga masana'antun Caina.

Dalilin kawo wannan tarihi shi ne a gane abu guda: wajen riƙe lokaci, araha ba ta rage wa kwaz wani abin a zo a gani ba. Casio ta ce F-91W ba ya kuskuren da ya wuce sakan 30 a wata. Rolex, wanda kuɗinsa zai sayi fili a Katsina, alkawarin da ya yi shi ne sakan 2 a rana, wato yana iya kai minti guda a wata. Agogo sarkin aiki da ake faɗa, na roba ya fi cancantar kirarin.

Alherinsa da aibinsa

Ba shi da nauyi, har mantawa kake yana hannunka. Ba ya ɗaukar zafin rana kamar na ƙarfe, wanda a watan Afrilu in ka bar hannu a tagar mota sai ya nemi ƙona ka. Ba ruwansa da caji, kuma a garin da wuta ke zuwa ta leƙo ta koma, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ba ka buƙatar zaro waya a tsakiyar cunkoson kasuwa don ka ga ko la'asar ta yi, kuma ɓarawo ba ya bin mutum don agogon roba. In ya faɗi ƙasa galibi ba abin da ke samunsa. In ya ɓace, ka yi tsaki ka wuce. Namiji kuma ba shi da wasuwasin ko ruwan zinaren da aka shafa wa agogo ya shiga cikin abin da aka hana maza, tunda roba roba ce.

Aibinsa kuwa ba ɓoyayye ba ne. Araha ba ta ado. Gilashinsa ba gilashi ba ne, roba ce mai haske, kuma ƙurar hunturu kaɗai ta isa ta zazzana shi in kana goge shi a bushe da hannun riga. Maɗaurin yana tauri ya tsage. Zufa na taruwa a ƙarƙashinsa. Launin da ya ja ka yana koɗewa. Wasu ƙarar bugunsu da dare kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa. Swatch ta yi suna a wannan, duk da ba ta cikin masu araha a wurinmu. Sannan da yawansu ba a gyara su, don an like su ne ko kuma kuɗin gyaran ya kai na sabo. Kuma a faɗi gaskiya, bai dace da babbar riga da hula ƙube ranar ɗaurin aure ba, kuma wanda ya saka shi a cikin lefe ya shirya jin magana daga bakin gwaggonnin amarya.

Mataki na farko: wa zai ɗaura, kuma ina zai je da shi

Kafin ka fita gida ka yanke wannan. Ɗan makarantar kwana, inda ba a barin waya, mai lamba ya fi masa, saboda ƙararrawa da ɗan haske. Ma'aikaciyar jinya da ke ƙirga bugun jijiya tana son mai hannu uku, wanda siririn hannun sakan ɗinsa ke fita sosai. Yaron da ake koya wa karanta lokaci a saya masa mai hannu da lambobi 1 zuwa 12 cikakku, ba mai ɗige-ɗige ba. Ɗan kabu-kabu, manomi, magini da mai wankin mota, abin da ya dame su ruwa ne da bugu, ba kyau ba. Tsoho mai raunin ido, farar fuska da baƙaƙen manyan lambobi.

Ɗalibin da ke shirin jarrabawar JAMB kada ya saya don ita, hukumar ta hana shiga ɗakin jarrabawarta da agogon hannu.

Wanda yake son agogo ya tashe shi sahur kuma ya sani cewa ƙararrawar ƙananan nan siririya ce, 'yan sakanni take yi ta yi shiru. Mai nauyin barci kada ya dogara da ita.

Mataki na biyu: a gaban mai kaya

Nan ne aikin yake, kuma minti biyar ya isa in ka san inda za ka kai hannu. Kada kunya ta hana ka. Mai kayan da ya ƙi a jujjuya agogonsa, akwai abin da ya sani.

Fara da maɗauri, don shi ne ke fara mutuwa. Lanƙwasa shi baya sosai, kusa da inda ya haɗu da kan agogon, da kuma wajen ramukan da ƙarfen ɗauri ke shiga. Mai kyau zai lanƙwasu ya dawo yadda yake. In ka ga wurin ya yi fari-fari, ko ƙananan tsaga sun bayyana, ko ka ji shi ƙandas kamar busasshiyar fata, ajiye shi. Ya daɗe a rana tun kafin ya zo hannunka. In kuma ka ji yana danƙo a yatsa, robar ta fara narkewa ne, shi ma ba shi da sauran kwana.

Sai ka duba yadda aka haɗa maɗaurin da kan agogon, kuma wannan shi ne abin da ya raba agogon ɗiyata da na yayanta. Iri biyu ne. Akwai wanda ɗan siririn ƙarfe mai sifirin ke riƙe da maɗaurin tsakanin kunnuwa biyu. Wannan in ya tsinke, mai gyara zai zare ƙarfen ya saka maka wani, na roba ko na zare ko na fata. Akwai kuma wanda aka zuba kan da maɗaurin a roba ɗaya, ba mahaɗa. Shi wannan ranar da maɗaurinsa ya tsinke, ranar ya gama aiki, ko da injin na bugawa lafiya lau. Na yayan nata irin wannan ne. Juya agogon ka leƙa ta baya, za ka ga ƙarfen in akwai shi. Swatch tana da nata salon na daban, bakin maɗaurinta haƙora-haƙora ne, maɗaurin kasuwa ba ya shiga sai irin nata.

Daga nan murfin baya. Wanda aka ɗaure da ƙananan kusoshi huɗu ya fi wanda ake dannawa ya rufe, don ya fi matse zoben robar da ke hana ruwa shiga, kuma ba ya buƙatar a sa masa wuƙa duk lokacin sauya batir. Karanta abin da aka rubuta a jiki. In ka ga STAINLESS STEEL BACK, murfin ƙarfe ne marar tsatsa. Wanda ba a rubuta komai ba, mai ƙyallin banza, sau da yawa ƙarfen arha ne da aka shafa wa ruwan azurfa. Zufa na cinye shafen, ya bar maka kore a fata, wasu ma ya fito musu da ƙuraje da ƙaiƙayi. Mai fata mai saurin kamuwa ya kula da wannan fiye da komai.

In mai hannu ne, duba ɗan maɓallin gefe da ake murzawa a saita lokaci. Sabon agogo na kirki yakan zo da wata 'yar roba a maƙale a ƙarƙashin maɓallin, wadda ta hana shi komawa ciki. Amfaninta ta tsayar da hannayen don kada batir ya ƙare a shago. In ka samu mai ita, ka yi sa'a. In kuwa agogon yana ta bugawa a faranti, ba wanda ya san tun yaushe ya fara, kuma abin da ya ci na farkon nawa kenan. Ja maɓallin waje, murza shi, ka ga hannayen na tafiya sumul ba sa karo da juna. Kai dogon hannu kan 12 ka ga ko gajeren ya tsaya daidai kan lambarsa. Mayar da maɓallin ciki, ka tsaya ka kalli hannun sakan ya zagaye fuskar sau ɗaya cur. In ya yi tuntuɓe a wani wuri, musamman lokacin hawa daga 6 zuwa 12, ko batir ya yi sanyi ko injin na da matsala. Ɗan girgiza shi kusa da kunne. Kada ka ji wani abu na yawo a ciki.

Akwai wata yaudara da ta cika farantan talla: agogo mai ƙananan da'irori uku a fuska da maɓallai biyu a gefe, kamar na masu tsere. Danna maɓallan. A mafi yawan masu araha ba abin da zai motsa, zane ne kawai aka manna hannaye a kai. Ba ya hana agogon aiki, amma kada a caje ka kuɗin abin da babu.

In mai lamba ne, danna kowane maɓalli ka ga ya amsa. Karkata fuskar ka dube ta daga sama da ƙasa da gefe, lambobin su fito baƙi wuluk, ba tare da wani yanki ya gutsure ba. Kunna hasken ka kalli lambobin a lokacin. In suka dusashe sosai har suna neman ɓacewa, batir ya kusa. Ka guji mai baƙar fuska da lambobi masu haske-haske. A shago yana da kyau, amma tsakanin magariba da isha ba za ka ga komai ba.

Maganar jabu kuma a yi ta a fili. Casio na gaske ba ya zuwa a kuɗin agogon faranti. Akwai gwajin da aka sani na F-91W: yana nuna lokaci, ka danne maɓallin dama ka riƙe kamar sakan uku, sai kalmar CASIO ta fito a fuskar. In ba ta fito ba, jabu ne. In ta fito ma kada ka saki jiki gaba ɗaya, don masu kwaikwayo sun koyi wannan, sai ka haɗa da duba tsabtar rubutun fuska da na murfi. Ni dai ra'ayina, gara agogon da ya zo da sunansa na gaskiya, irin su Q&Q, wanda ke ƙarƙashin kamfanin Citizen na Japan, ko Skmei na Caina, da wanda ya ari sunan da ba nasa ba. Wanda ya yi maka ƙarya a suna ba zai faɗa maka gaskiya a batun ruwa ba. Rubutun JAPAN MOVT da ake gani a ƙasan fuska yana nufin injin na Japan ne, irin su Miyota 2035 da ke cikin agoguna masu ɗimbin yawa. In gaskiya ne, abu ne mai kyau, amma rubutu ba shi da wuyar bugawa. Sai an buɗe baya ake tabbatarwa.

Mataki na uku: ruwa, da abin da rubutun ke nufi

Mu masu alwala sau biyar a rana, wannan ya shafe mu fiye da waɗanda suka ƙera agogon. Kuma a nan ake yawan ruɗuwa. In ka ga 30M ko 3ATM, ba ana nufin ka nutse da shi mita talatin ba ne. Awo ne na matsin ruwa a ɗakin gwaji, agogon na zaune ba motsi. A aikace ma'anarsa fantsalin ruwa, yayyafi da wanke hannu. WATER RESIST kawai ba lamba, shi ma haka. Mai 50M ya ɗan fi juriya. Sai an kai 100M ake maganar iyo da shi hankali kwance. Wanda ba a rubuta masa komai ba, ko ruwan buta kada ya taɓa shi. Na farantin talla kuwa, ko me aka rubuta, ka ɗauke shi a matsayin mai tsoron ruwa har sai ya nuna maka akasin haka.

Ni cire nawa nake yi in sa a aljihu kafin alwala. Ruwa ya kai fatar hannu yadda ya kamata, agogo ya tsira, kuma ba a bar danshi a ƙarƙashin roba ba, wanda shi ke kawo wari da ƙaiƙayi. Wanda ya ga cirewar ta yi masa yawa, ya ɗaura shi sakwa-sakwa yadda zai iya tura shi sama da ƙasa.

Abu biyu ke shigar da ruwa ko a cikin mai kyau: danna maɓalli ko jan abin saiti alhali agogon na jiƙe, da ruwan zafi. Wankan hunturu da ruwan zafi da sabulu yana kashe zoben robar nan sannu a hankali.

Mataki na huɗu: yanzu ka zaɓi launi

Baƙi, shuɗi mai duhu da kore mai duhu su ke jure rana da dauɗa. Fari da mai haske kamar ƙanƙara, wanda ake hango inji ta cikinsa, sun fi kowanne kyau ranar farko, amma rana na mayar da su ruwan ɗorawa, kuma wannan ba ya wankuwa. Ruwan hoda da ruwan lemo suna koɗewa. Maɗauri mai haske yana shan rinin tufa; sabuwar shadda mai zuba in ta haɗu da zufa, kwana ɗaya ya isa ta rina shi. Mata su bari lalle ya bushe a wanke kafin su ɗaura. In na yaro ne kuwa, bar shi ya zaɓi abin da ransa ke so cikin waɗanda suka tsallake binciken da ka yi; ko ba komai zai fi kula da wanda ya zaɓa da kansa.

Mataki na biyar: ciniki

Farashi na tafiya da dala, don haka kafin ka taya ka tambayi wuri biyu ko uku. Mai shago ko mai tebur da za ka dawo gobe ka same shi ya fi mai yawo da faranti, ko da ya ɗan fi tsada. Daf da sallah kuɗin na hawa kuma a lokacin ake fito da kwantai. Abin da ya fi ragin 'yan canji amfani shi ne ka ce masa, "Malam, na saya a yadda ka ce, amma ka sa mani sabon batir a gabana, kuma in ya tsaya cikin sati zan dawo da shi." Yadda ya amsa wannan zai gaya maka irin kayan da yake sayarwa.

Mataki na shida: riƙo

Maƙiyan roba a nan garin su ne rana, zufa da turare. Kada ka bar agogo a gaban mota ko kan tankin babur a tsakar rana. Fuskar mai lamba takan yi baƙi ƙirin in zafi ya yi mata yawa. Yawanci takan dawo in ta huce, amma batir da maɗauri sun riga sun ji jiki. Shi kansa dutsen ya fi daidaito a zafi kusan 25 a ma'aunin Salshiyas, in aka yi sama ko ƙasa da haka sosai sai agogon ya riƙa ɗan jinkiri. A hannu dai bambancin ba wani abin damuwa ba ne.

Ka fesa turarenka, ka shafa na mai, ya bushe, sannan ka ɗaura agogo. Fetur, kalanzir da man shafawa na korar sauro duk suna cin roba su dusashe gilashi. Sau ɗaya a mako ka goge bayan agogon da cikin maɗaurin da tsumma mai ɗan danshi, tsohon buroshin haƙori ya shiga ramukan. Da hunturu ka hure ƙurar kafin ka goge fuskar. Ƙananan zane a gilashin roba suna raguwa in ka ɗiga man goge baki fari ka murza da tsumma mai laushi na 'yan mintuna. Zane mai zurfi kam sai haƙuri. Mai hannu kada ya kwana a kan sifika, maganaɗisun da ke ciki na iya rikita tafiyarsa.

Wata alfarma kuma da zan roƙa: masu agogo mai lamba su kashe ƙarar nan da yake yi duk awa. Ba abin da ya kai a tsakiyar sallar azahar, liman ya yi shiru, agoguna uku su amsa daga sahu daban-daban, kowanne da nasa lokacin.

Mataki na bakwai: batir

Mai hannu yakan ci batir a shekara biyu zuwa uku. F-91W na gaske, da batir CR2016, Casio ta ce yana kai shekara bakwai, in ba a cika wasa da haske da ƙararrawa ba. Yawancin masu hannu suna amfani da wanda aka rubuta wa SR626SW, ko 377. Yana da ɗan'uwa mai girma ɗaya da ake rubuta wa LR626 ko AG4, shi ne wanda ake sayarwa jere a kati da araha. Duk biyun za su tayar da agogo, amma ba ɗaya ba ne. Na farkon na sinadarin azurfa ne, ƙarfinsa na tsayawa daidai har ya ƙare. Na biyun yana saurin sanyi, kuma ya fi saurin zubar da ruwa ya ci injin. Ka ce wa mai gyara SR kake so, ka kuma ga an ɓare shi daga kwalinsa a gabanka.

Yana buɗewa ka sa ido a kan zoben robar da ke kewaye da bakin murfi. Siriri ne kamar zare, yana faɗuwa ba a lura ba, wasu kuma in ya ba su wahala sai su jefar da shi su rufe. Agogon da ya rasa shi, yayyafin farko na damina zai shige shi. In mai lamba ne aka sa batir fuskar ta ƙi kawowa ko ta kawo shirme, kada a ce ya mutu. A jikin injin akwai wani ɗan wuri da aka rubuta AC. A taɓa shi da saman batirin lokaci ɗaya da ɗan hantsaki na ƙarfe, sai ya farfaɗo.

Agogon da ya tsaya kada a jefa shi a durowa da mataccen batir a ciki, wata shida ka dawo ka tarar da farin gari ya cinye shi. In ka ga hazo a cikin gilashi, ranar za ka kai a buɗe, a cire batir, a bar shi ya bushe. Binne shi a cikin shinkafa alhali yana rufe ba ya fitar da ruwan da ke ciki.

Tsohon batirin kuma kada ya shigo gida. Ƙanana ne masu ƙyalli, yaro mai rarrafe na ganinsu sai baki. Mai faɗin nan irin CR2016 da CR2032 in ya maƙale a maƙogwaron yaro yana iya ƙona shi cikin awa biyu. In hakan ta faru, ko ana zato kawai, asibiti za a nufa nan take, ba a jira a ga ko zai fito ba, ba a kuma sa shi amai. Saboda haka ne agogon ƙaramin yaro ya kamata ya zama mai murfin kusoshi, ba wanda farce ke ɓallewa ba.

In maɗauri ya tsinke kuma ba mai sauyuwa ba ne, ko gilashi ya fashe, ko an sa sabon batir mai kyau hannun sakan na rawa a wuri ɗaya, kada ka zuba kuɗin gyara. Kai wa mai gyara gawar. Dattijon nan nawa ya karɓi na biyun, ya zare injin da zoben robar ya jefa a gwangwanin madara da ke cike da irinsu, ya rage mani kuɗin batirin na farko.